Ɗarin Vom da Noman Furen Okid: Abin da Mai Zuba Jari Zai Fara Aunawa

Vom, Jihar Filato: Daga tsakiyar watan Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu, ma'aunin zafi a kan tsaunin Filato yakan sauka da dare zuwa tsakanin digiri 11 da 14 a ma'aunin Selshiyas, a wasu darare kuma yakan gangara har wajen digiri 7. Ga mazauna Vom da Kuru da Bukuru wannan lokaci ne na rigar sanyi da kaskon wuta. Ga mai tunanin zuba jari a noman furanni kuwa, waɗannan alƙaluma su ne farkon lissafi, domin ribar wani irin fure da asarar wani duk a kansu suka rataya.

Furen da ake magana a kai shi ne okid, wanda ake gani a teburan manyan otal-otal na Abuja da Legas, da ofisoshin bankuna, da wuraren bikin auren masu hali. Akasarin wanda yake kasuwanninmu shigo da shi ake yi daga waje ta jirgin sama, da kuɗin musaya. Tun daga watan Yunin 2023, lokacin da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar Amurka wadda take wajen Naira 460 a farashin hukuma ta haura Naira 1,500 a cikin shekarar 2024. Duk kayan ƙawa da ake shigowa da su sun bi wannan hawa. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan ɗan kasuwa ya dubi Filato, inda dankalin Turawa da kabeji da karas da furen wardi suke yin kyau, ya tambayi kansa ko okid ma zai yi.

Vom ta daɗe tana cin albarkacin yanayinta. A shekarar 1924 ne Turawan mulki suka dawo da ɗakin binciken cututtukan dabbobi daga Zariya zuwa nan, kuma daga cikin dalilan zaɓen wurin akwai sanyinsa da rashin ƙudan tsando. Wannan ɗaki shi ne ya zama Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa. A Kuru, wadda take maƙwabtaka da ita, akwai tashar binciken dankalin Turawa, a ƙauyen Chaha kuma manoma sun yi suna wajen noman sitiroberi, ɗan itacen da ba ya jure zafin ƙasar Hausa. Sirrin duka wannan shi ne tudu. Vom tana sama da mita 1,200 daga doron teku, kuma a bisa ƙa'ida duk hawan mita 1,000 yana rage zafin iska da kimanin digiri 6 da rabi. Ke nan tsaunin ya ba Vom ragin wajen digiri 8 a kan Legas, da wajen digiri 5 a kan Abuja, ba tare da an biya ko kwabo ba.

A nan ya kamata a gyara wata fahimta. Ɗarin hunturu ba shi ne ya bambanta Filato da sauran Arewa ba, domin Kano da Katsina ma sukan kwana cikin digiri 12 ko 13 a watan Janairu. Bambancin yana cikin sauran watanni. A watan Afrilu, lokacin da Kano take kusantar digiri 40 da rana, Jos kaɗan take haura 30. A Yuli da Agusta, cikin marka, zafin rana a kan tsaunin yakan tsaya wajen digiri 24, na dare kuma wajen 17. Mai karatu ya riƙe waɗannan alƙaluma biyu, domin za mu dawo kansu.

Babban kuskuren da sabon shiga yakan yi shi ne ɗaukar okid a matsayin shuka guda. Dangi ne mai nau'o'i wajen 28,000, ban da dubban ire-iren da aka samar ta hanyar barbara, kuma suna tsirowa tun daga dazuzzukan bakin teku masu zafi har zuwa gindin tsaunukan Himalaya. Da yawa daga cikinsu ba a ƙasa suke fitowa ba, a jikin bishiya suke maƙalewa kamar kauci, sai dai su ba sa tsotsar bishiyar: aron wurin zama kawai suke yi, saiwoyinsu a waje suna shan raɓa da ruwan sama. Shukar da saiwarta take a fili kuwa ba ta da bargon ƙasa da zai kare ta, duk sanyin da iska ta kawo kai tsaye take jin sa. Shi ya sa masu wannan sana'a suka kasa okid gida uku bisa mafi ƙarancin zafin dare da kowane yake ɗauka. Masu son ɗumi, irin su Phalaenopsis da Vanda, ba a so dare ya sauka musu ƙasa da digiri 16 zuwa 18. Matsakaita, irin su Cattleya da Oncidium, suna zama lafiya a 12 zuwa 15. Masu son sanyi, waɗanda Cymbidium yake gabansu a kasuwa, suna jin daɗin 7 zuwa 10. Idan aka ɗora wannan kaso a kan daren Janairu na Vom, za a ga cewa dare ɗaya abincin wani ne, gubar wani.

Abin da ya sa lamarin ya yi tsauri shi ne, wanda ya fi kasuwa shi ne ya fi tsoron ɗari. Phalaenopsis, mai faffaɗan ganye da doguwar zangarniyar fure wadda takan yi wata biyu zuwa uku ba ta zube ba, shi ne okid ɗin tukunya da aka fi saye a duniya. Asalinsa dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya ne, inda dare ba ya yin sanyi. Idan zafi ya sauka ƙasa da digiri 15 girmansa yakan tsaya, idan kuma ya kai wajen 10 ya daɗe a haka, naman cikin ganyen yakan mutu. Mugun abin shi ne lahanin ba ya bayyana da safe. Sai bayan kwanaki, wani lokaci makonni, a ga ganye ya lotsa, ya yi zane-zane rawaya, daga baya ya yi baƙi. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka cuta ce, ya kashe kuɗi wajen feshin magani, alhali ɓarnar ta auku tun wani dare da ya riga ya manta. Ganyen da ya lalace ba ya warkewa, shukar kuma ganye biyu ko uku kawai take ƙarawa a shekara idan ba a cikin kulawar gidan gona na zamani take ba. Dare guda na sakaci yana iya cin aikin watanni.

Sai dai kuma wannan fure mai tsoron ɗari ba ya yin fure sai ya ɗanɗani sanyi. Muddin zafin rana yana digiri 28 ko sama, ganye kawai yake yi. Sai an sauko da shi ƙasa da 26, aka bar shi haka mako huɗu zuwa shida, sannan zangarniya take ɓullowa daga gindin ganye. Daga nan kuma sai a ƙara wajen wata uku kafin furen ya buɗe. A kan wannan ɗabi'a aka gina masana'anta sukutum. Manoman Holan, waɗanda suke kan gaba a Turai, suna renon shukar watanni a gidajen gilashi a digiri 28, sannan su mayar da ita wani ɗaki mai wajen digiri 19 ko 20, ta haka suke samun fure a duk makon da kasuwa ta buƙata. Wato da hunturu suna sayen zafi, da bazara suna sayen sanyi. Nauyin wannan ya fito fili a shekarar 2022, lokacin da farashin iskar gas ya yi tashin gwauron zabo a Turai bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, inda manoman okid da dama a Holan suka rage noma, wasu suka rufe.

Manoman Taiwan da na Japan sun bi wata hanya wadda ta fi kama da halinmu. Kafin na'urorin sanyaya gidan gona su yawaita, sukan reni shukar a kwari inda ake zafi, idan lokacin fure ya matso su loda ta a mota su hau da ita kan tsauni, ta yi makonni tana shan sanyin Allah, sannan a sauko da ita a ƙarasa. Kuɗin mota da hayar fili ya maye musu gurbin kuɗin lantarki.

Yanzu a dawo kan alƙaluman marka: digiri 24 da rana, 17 da dare. Wannan bai yi nisa ba da abin da manomin Holan yake biyan kamfanin lantarki ya samar masa. A ganina, a nan ne amfanin Vom na haƙiƙa yake ga wannan fure, kuma yana cikin damina, lokacin da ba wanda yake maganar sanyin Filato. Shukar da ta kai girma, idan aka hau da ita tsaunin a ƙarshen Yuli ko farkon Agusta, za ta fid da zangarniya a cikin Satumba, ta buɗe wajen Disamba, wato daidai lokacin Kirsimeti da bukukuwan aure na ƙarshen shekara, sa'ad da otal-otal da masu ƙawata wuraren biki suke neman fure ido rufe. Wurin renon ma ba shi da nisa. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Jos zuwa Akwanga ya san yadda iska take sauyawa da zarar an gangaro ta Hawan Kibo. Cikin tafiyar da ba ta kai awa biyu ba an bar yanayi guda an shiga wani. Ɗan kasuwa mai rumfa biyu, ɗaya a ƙasa don reno, ɗaya a sama don fure, yana da abin da Taiwan ta gina kasuwarta da shi.

Matsalar ita ce ƙarshen wannan jadawali yana faɗawa cikin bakin hunturu. Zangarniyar da ta fito a Satumba tana ɗauke da ƙananan hudar fure a Nuwamba da Disamba, kuma huda ita ce mafi rauni a jikin shukar. Sauyin zafi na farat ɗaya yakan sa ta yi rawaya ta kaɗe kafin ta buɗe, tukunyar da aka yi wa kuɗi mai tsoka ta koma ganye da sanda. Mafita biyu ce: ko a sauko da kayan zuwa rumfar ƙasa kafin tsakiyar Nuwamba, ko a ɗumama rumfar sama. Tazarar da za a cike ba ƙarama ba ce, domin daga digiri 7 na mummunan dare zuwa 16 da shukar take buƙata akwai digiri 9. Leda falle ɗaya kaɗan take riƙewa daga zafin rana. Ana iya ƙarawa da leda falle biyu mai iska a tsakani, da labulen da ake ja a ƙarƙashin rufi da magariba, da durom-durom na ruwa waɗanda aka shafa wa baƙin fenti, su sha rana su saki ɗumi da dare. Waɗannan duka suna rage giɓin, amma ba su isa a dogara da su kaɗai a daren da ya fi tsanani ba. Wanda yake hangen kasuwar ranar masoya ta 14 ga Fabrairu da wannan fure kuwa, ya san cewa zangarniyarsa za ta ratsa tsakiyar ɗari daga farko har ƙarshe, kuma tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 duk abin da ake ƙonawa don samar da zafi ya ƙara tsada.

Akwai tarko a nan wanda ya cancanci a tsaya a kansa, domin abin da hankali zai fara kawowa shi ne a sa kaskon gawayi ko risho a cikin rumfa, kamar yadda ake yi a ɗaki. Wutar da ba ta ci sosai tana fid da wata iska mai suna etilin, wadda ita ce kuma take fita daga ayaba da tumatir idan suna nuna. Okid yana cikin furannin da suka fi saurin jin ta. Ɗan kaɗan da hanci ba zai ji ba ya isa ya sa huda ta zube, buɗaɗɗen fure kuma ya yi yaushi cikin kwana biyu. Hayaƙin janareto ma haka. Idan za a yi wuta, to murhun ya zama a waje, zafin ya shigo ta bututun ruwa, hayaƙin kuma ya fita can nesa.

Hausawa sun raba sanyi da ɗari, kuma rabon yana da amfani a wannan sana'a. Sanyi mai laima ne, irin na marka. Ɗari busasshe ne, yana zuwa da iska da hazo. A tsakiyar hunturu danshin iska a Filato yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana, alhali yawancin okid na kasuwa suna son kashi 50 zuwa 70. Manomi zai so ya rama da yayyafi, amma lokacin yayyafin shi ne magana. Shukar da ta kwana a jiƙe cikin sanyi ruɓewa take yi, musamman idan ruwa ya kwanta a tsakiyar ganye. Ruwan tanki ko na kududdufan da haƙar kuza ta bari, wanda ya kwana a waje, yana da sanyin da zai iya lahanta ganyen Phalaenopsis kamar yadda iskar dare take yi. A bari rana ta ɗaga, ruwa ya huce, a yi ban ruwa da hantsi, ganye ya bushe kafin la'asar. Ƙa'idar da masu sana'ar suka yarda da ita ita ce busasshen okid ya fi jiƙaƙƙe jure sanyi.

Haka kuma alƙaluman da ake bugawa na tashar auna yanayi ne, ba na gonar kowa ba. A daren da sama take garau ba iska, ƙasa tana sakin zafinta, iska mai sanyi kuma da yake ta fi nauyi sai ta gangara ta taru a kwari. Fadamar da manomin kabeji yake so saboda kusancin ruwa ita ce wuri mafi sanyi da asuba, kuma tana iya bambanta da gefen tudun da yake kallonta da digiri da dama. Jikin dutse, wanda Vom take da shi birjik, yana shan rana ya yi ta sakin ɗumi har dare ya raba. Mai sayen fili don okid mai son ɗumi ya nemi gangaren tudu, inda dutse ko jerin bishiyoyi suka tare iskar arewa maso gabas. Sannan ya sa ƙanƙara a lissafi, domin takan faɗi a Filato, musamman a farkon damina, kuma tana iya keta rufin leda cikin mintoci.

Ga wanda ba ya son wannan ɗawainiya, akwai ire-iren da ɗarin bai dame su ba. Na farko da za a yi zato shi ne Cymbidium, wanda Holan da Niyu Zilan suke fitarwa a yanke, kuma yana ɗaukar har digiri 4 ko 5 na ɗan lokaci ba abin da ya same shi. Shi sai dare ya sauka wajen digiri 10 zuwa 14 na tsawon makonni sannan yake shirin fure, abin da Vom take bayarwa a Disamba da Janairu. Amma a ƙasashen da ake noma shi sanyin yana ci gaba har fure ya buɗe, a nan kuwa bayan Janairu sai bazara. Zangarniyar da ta fara a cikin ɗari za ta shiga Maris da Afrilu, lokacin da rana take haura digiri 30, dare kuma yake kaiwa 18 ko fiye, kuma ɗumin dare yana kaɗe hudar manyan ire-irensa. Wanda zai gwada shi ya nemi ƙananan ire-iren da aka samar daga jinsin Cymbidium ensifolium na kudancin Asiya, irin su Golden Elf, waɗanda aka sani da jure zafi. Furensu bai kai na manyan girma ba, haka ma farashinsu.

Wanda ya fi dacewa da jadawalin Filato shi ne Dendrobium nobile. Asalinsa gindin Himalaya ne da arewa maso gabashin Indiya da kudancin Sin, inda ake damina mai yawan ruwa, sannan rani mai sanyi da bushewa. Yana girma da damina, yana ajiye ruwa a cikin kaurin karansa, sannan yana buƙatar wajen wata guda ko fiye na darare masu digiri 10 zuwa 13, tare da rage masa ruwa da daina ba shi taki, kafin ya cika karan da fure. Kusan a ce an kwatanta hunturun Vom ne. Furen zai zo wajen Fabrairu da Maris, kuma da yake a jikin kara yake fitowa, a tukunya ake sayar da shi. Abin lura ɗaya shi ne zafin rana, wanda a Janairu yakan kai digiri 27 ko 28. Idan ya yi yawa, ko aka ci gaba da zuba taki, shukar takan fid da 'ya'yan tsiro a maimakon fure, don haka inuwa da shigar iska wajibi ne. A kula kuma da suna wajen oda. Dendrobium ɗin da Tailan take cika kasuwannin duniya da shi a yanke wani reshe ne daban na dangin, mai son zafi, wanda yake zubar da ganye idan dare ya sauka ƙasa da digiri 15. Wannan na Lafiya ne ko Lakwaja ko Kudu.

Cattleya da Oncidium suna tsaka-tsaki: rumfar da take rufuwa da dare ta ishe su a yawancin darare, sai a yi shirin 'yan kwanakin da ɗari yake tsananta. Banila kuwa, wadda mutane da yawa ba su san okid ce ba, kuma farashinta ya kai wajen dala 600 kowane kilo bayan guguwar da ta afka wa Madagaska a watan Maris na 2017 kafin daga baya ya faɗi warwas, ita zafi da laima take so duk shekara, ba ta da abin yi a kan tsauni.

Muna da namu na gida. Ansellia africana, mai fure rawaya da ɗigo-ɗigo kamar fatar damisa, yana fitowa a jikin bishiyoyi a sassa da dama na Afirka har da Nijeriya, kuma ya saba da dogon rani. Sunansa daga John Ansell ne, wanda ya tsince shi a tsibirin Fanando Po a 1841 a cikin ayarin binciken kogin Kwara. Akwai kuma dangin Eulophia, masu fitowa daga ƙasa a dajin ciyawa a farkon damina. Amma kada wannan ya sa wani ya tura yara daji su ɓamɓaro. Yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda Nijeriya ta sa wa hannu, ta rufe dukan dangin okid, kuma ba a ƙetare iyaka da wanda aka ciro daga daji sai da izini, wanda a nan Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya take bayarwa. Shigo da dashe shi ma yana buƙatar takardar Hukumar Killace Kayan Gona ta Nijeriya. Gara a nemi takardun kafin a biya kuɗin kaya, domin dashen da ya yi mako a filin jirgi yana jiran sa hannu ba lallai ya kai gona da rai ba.

Batun dashe shi ne yake kai mu ga kuɗi. Irin okid kamar ƙura yake, ba shi da abincin da zai tsira da shi, don haka ba a shuka shi kamar gero. Tun 1922, lokacin da Lewis Knudson na Jami'ar Cornell a Amurka ya nuna yadda ake tsirar da shi a cikin kwalba, da kuma 1960, lokacin da Georges Morel na Faransa ya nuna yadda ake ninka shuka guda zuwa dubbai daga ɗan tsiron kanta, ɗakin gwaje-gwaje ne mafarin wannan noma. Daga fitowa kwalba zuwa fure, Phalaenopsis yakan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, Cymbidium kuma uku zuwa huɗu. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100, a lokacin kuma bankunan kasuwanci sukan ba da rance a sama da haka. A ɗauka mutum ya ranci Naira miliyan 10 a kan kashi 30, bai biya komai ba har shekara uku: bashin ya kusa Naira miliyan 22 kafin a yanki zangarniya ta farko. Manomin sitiroberi na Chaha yana fara tsinka cikin 'yan watanni. Wannan tazara ita ce take sa sayen shukar da ta riga ta kusa girma, a ƙarasa ta a nan cikin wata biyar ko shida, ya fi ma'ana ga mai fara sana'ar, ko da kowace tukunya ta fi tsada a wajen saye. Jari yana juyawa sau ɗaya ko biyu a shekara, kuma abin da ake ƙarawa a gida shi ne ainihin abin da tsaunin yake bayarwa kyauta.

Maganar fitarwa zuwa Turai a ajiye ta tukuna. Kenya ta gina kasuwarta a gefen tafkin Naibasha, mai tudun wajen mita 1,900, Habasha ta biyo baya, amma dukansu da furen wardi suka yi, tare da jiragen dakon kaya masu tashi kullum daga Nairobi da Adis Ababa zuwa kasuwar gwanjon furanni ta Aalsmeer a Holan. Filin jirgin saman Yakubu Gowon da yake Heipang yana kusa da Vom, amma kusancin fili daban, tsayayyen jadawalin dakon kaya masu lalacewa daban. Kasuwar da take hannu ita ce Abuja, wadda mota take kaiwa cikin yini guda, sai Legas da Fatakwal, inda abokin gasa shi ne mai shigo da kaya da dala. Mai zuba jari zai kuma duba yanayin tsaro a inda zai kafa rumfa, domin ƙananan hukumomin Riyom da Barikin Ladi, waɗanda suke maƙwabtaka, sun sha fama da rikici, kuma okid ba shuka ce da za a bari mako guda ba mai kula ba.

Ko bayan girbi sanyi bai gama da manomi ba. Dillalan fure sun saba ajiye wardi a ɗakin sanyi mai wajen digiri 2, kuma mai ɗakin da bai sani ba zai tura okid can ciki da kyakkyawar niyya. Ire-iren ƙasashe masu zafi ba sa son ajiya ƙasa da digiri 10 zuwa 13. Furen yakan yi kamar an jiƙa shi da mai, ya canza launi. Cymbidium ne kawai daga cikin manyan na kasuwa yake ɗaukar sanyin kusa da na wardi. Motocin da suke tashi daga kasuwar Farin Gada ta Jos cike da tumatir su ne hanya mafi araha zuwa Abuja, amma saboda etilin ɗin da aka ambata ba su dace da wannan kaya ba. Lodin asuba a buɗaɗɗiyar mota a watan Disamba shi ma daidai yake da barin shukar ta kwana a waje.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ma'aunin da yake rubuta mafi zafi da mafi sanyin kowace rana ba shi da tsada, akwai ma ƙananan na'urori masu ajiye lissafin kowace awa waɗanda ake karantawa a kwamfuta. A rataya ɗaya a waje, ɗaya a cikin ƙaramar rumfar gwaji, a daidai tsayin da shukar za ta zauna, a bar su daga Oktoba har ƙarshen Afrilu domin su kama ɗari da bazara duka. A cikin rumfar a sa tukwane kaɗan-kaɗan daga kowane kaso, a cikin gawayi da ɓawon kwakwa da fasasshen bulo, waɗanda duk ana samun su a gida. Lambar da za a duba a ƙarshe ita ce ta daren da ya fi kowane sanyi da yawan dararen da suka sauka ƙasa da digiri 12, domin matsakaicin wata yana ɓoye su, kuma da su ne za a san ko rumfar tana buƙatar murhu, da kuma kwana nawa za a hura shi.